Shirun da Na Yanke a Waƙar Hali

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da Hali na Shinaka ya shiga ɗakin ɗaukar muryarmu ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a wannan aiki ya san ba na son a kunna waƙar da muka yi a ranar, kuma ku da kuka zo daga baya kuna ɗauka ƙyashi ne ko tsufa. To bari in faɗa muku yadda aka yi.

A lokacin ina cikin shekara ta shida a situdiyon Alhaji Garba da ke Wurno. Ga wanda bai san tsarinmu ba, mai situdiyo shi ke da ɗaki da kaya da janareta, shi kuma ke karɓar aiki. Ƙarƙashinsa akwai mai fiyano da ke buga kiɗa, sai mai haɗa sauti, wato ni, wanda ake ce wa Injiniya ko da bai taɓa leƙa ƙofar jami'a ba. Aikina in ɗauki murya, in share ta, in zaunar da ita kan kiɗa. Sharewar nan ita ce rabin aikin. A fuskar kwamfuta murya tana fitowa ne tudu da kwari, inda mutum ya yi shiru kuwa sai layi ya miƙe sambal. Abin da aka fara koya mana shi ne duk inda ka ga layi ya miƙe, ka yanke shi. Tari, haɗiyar yawu, jan numfashi, shiru, duk shara ne a wurinmu. Ni kuma ina ji da hannuna a wannan fanni, don Alhaji kan ce ko ƙuda ya gifta gaban makirfo sai na kamo shi.

Hali ba mawaƙin situdiyo ba ne. Manomin rani ne a ƙasan madatsar Goronyo, yana da gurmi da murya mai kaushi, kuma shi ake kira duk gayyar dashen albasa a yankinsu. Yadda ake yi, masu dashe za su jeru cikin fangali a duƙe, kowa da damin irinsa a hannu, Hali yana tsaye bisa kunya yana kaɗawa. Sai ya jefa tambaya cikin waƙa: “Wa ad da ruwa yau?” Daga nan ya yi shiru, dogon shiru, har baƙo zai ɗauka ya manta baitin gaba. Cikin shirun nan ne mutane za su dafa gwiwa su miƙe ƙugu, su ja numfashi, sannan su amsa baki ɗaya: “Na gaba ad da shi, mu muna jira!” Su koma su duƙa. Maganar kanal ce, wato magudanar ruwan madatsar, don waɗanda gonakinsu ke kusa da bakin ruwa su ke fara sha, na ƙarshen layi sai abin da ya rage. Tsawon shirun kuwa Hali ba da ka yake auna shi ba. Yana duban wanda ya fi kowa tsufa a layin ne, sai ya ga bayansa ya miƙe kafin ya ba da alamar amshi.

Wanda ya haɗa ni da shi Malam Bitrus ne, ma'aikacin lafiya daga kudancin Kaduna da aka turo wani ƙaramin asibiti a yankin. Yana da jita ta lantarki da wata tsohuwar lasifika da takardarta ta tsage, in ya kaɗa sai ta riƙa gurnani. Kowa ya ce ya gyara ta, shi ya ce a haka yake son ta. Ya ji Hali a gona wata rana, ya koma ya ɗauko jitarsa da batirin mota, tun daga nan suka zama abokan kiɗa. Shi ya matsa mini na bi shi da ƙaramar na'urar ɗauka wata safiya, na ɗauke su a gonar kamar yadda suke, da ƙarar injin ban ruwa da tarin tsofaffi da komai. Ban share ko ɗigo ba, ba don hikima ba, sai don ba aikin Alhaji ba ne, ban ga dalilin ɓata lokacina ba.

Wannan ɗaukar ce ta bi memori ta shiga gari. Masu cajin waya suka riƙa tura ta, daga Goronyo zuwa Marnona har Rabah. 'Yan kabu-kabu, masu haya da babur, suka ɗauke ta tamkar tasu. In ka tsaya a inuwarsu sai ka ji ana cewa, “Wanga shi na mawaƙi. Babu fiyano, babu roƙo, bai ambaci sunan kowane mai kuɗi ba.” Sun mai da shi abin gori ga mawaƙan birni. Ban dai taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ya taka zuwa Shinaka ya gaishe shi ba.

Ana haka sai ga wani furodusa daga Kano, Mubarak sunansa, ya sauka wurin Alhaji. Furodusa shi ne mai ɗaukar nauyin waƙa, ya tsara ta, ya san hanyar da za ta bi ta shiga rediyo da gidajen biki. Ya ji waƙar a wayar direban da ya kawo shi Sakkwato, ya bi sawu. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma ya san aikinsa. Ya ce, “Alhaji, wannan karin waƙa zinare ne, amma a cikin taɓo yake. Ku ɗauko min muryarsa ita kaɗai a tsaftace, sauran ku bar min.”

Da aka kai wa Hali maganar, Malam Bitrus ya ƙi. A gabana suka yi ta, a barandar situdiyo, da hantsi. Bitrus ya ce, “Hali, waƙar nan ba taka ba ce kai kaɗai, ta mutanen da ke amsa maka ce. Idan ka ba su ita, abin da zai dawo maka ba za ka gane shi ba. Mutane suna girmama ka ne domin ba ka bi wannan hanya ba.”

Hali ya ce, “Malam, kai ƙarshen wata ana kiranka ofis. Ni girmamawag ga da kaka hwaɗi, shekara ashirin ina cin ta cikin laka. Ɗiyana sun tambaye ni, Baba, don mi ba a sa ka rediyo? Mi zan ce musu? Ni ma ina son in shiga mota in ji muryata awa kowa.”

Har yau ban ga laifin wannan magana ba. Riƙon mutunci yana da sauƙi ga wanda ba da shi yake ciyar da gida ba. Amma abin da Hali ke tsoro ɗaya ne, ya kuwa juyo ya tambaye ni kai tsaye: “Injiniya, in na yi ta birni, ta gona tana lalacewa?” Don shi gayyar nan ita ce matsayinsa. Ubansa ya tsaya bisa kunya ya yi wa iyayen mutanen nan waƙa, shi ma ita ta sa in ya shiga taro ake matsa masa wuri. Na ce, “Haba Hali, mi za ya lalata ta? Wagga daban, waccan daban. Ta gona tana nan inda kab bar ta.” Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don ina son sunana ya fito a aikin da zai je Kano. Da wannan maganar tawa ya yarda.

Ranar Larabar muka tada janareta da ƙarfe tara na safe. Ka'idar ɗauka ita ce a sa wa mawaƙi hedifon, a kunna masa abin da muke kira kilik, wani ɗan ƙwanƙwasa ne da ke bugawa daidai wa daida don kada murya ta yi gaba ko baya. Mubarak ya sa kilik ɗin da sauri, irin na rawar biki. Hali ya shiga ɗakin da muka lulluɓe da katifu, ya tsaya gaban makirfo kamar wanda aka kai gaban alƙali. Na ɗaga masa hannu ta gilashi. Ya ce, “Wa ad da ruwa yau?” Sai ya tsaya. Kilik na ta bugawa, shi yana kallonmu.

Mubarak ya ce, “Me yake jira?”

Na danna maɓallin magana na tambaye shi. Ya ce, “Amshi nika jira.”

Muka yi masa bayani cewa babu amshi, ya zarce kawai. Ya ce to. Aka sake, ya sake tsayawa. In ya tilasta wa kansa ya zarce, sai baitin gaba ya ɓace masa, ko muryar ta fito a mace kamar mai karanta wasiƙa. Mun yi ya fi sau ashirin. Zufa ta jiƙa masa riga, ya cire hedifon ya ce abin nan yana sara masa kai. Mubarak ya fara duba agogo, Alhaji ya fara dubana.

A nan ne dabarar da nake taƙama da ita ta zo mini. Na ce a kashe kilik, a bar shi ya yi yadda ya saba, ni na san yadda zan yi da ita daga baya. Na roƙi Malam Bitrus, wanda ke zaune a kusurwa yana cika yana batsewa, ya zo mu amsa masa. Ya zo don Hali, ba don ni ba. Muka tsaya bayan gilashi mu biyu, in Hali ya jefa tambaya sai mu duƙa mu miƙe, mu amsa ta cikin hedifon ɗinsa. Alhaji ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma muryar ta dawo. Hali ya rufe ido ya yi ta tun daga farko har ƙarshe a tashi ɗaya, kuma ban taɓa ɗaukar murya mai kyan wannan ba, kafin ranar ko bayanta.

Bayan azahar na zauna sharewa. Amshinmu dama bai shiga layinsa ba, don haka abin da ke fuskar kwamfuta muryar Hali ce da dogayen layuka miƙaƙƙu a tsakani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yankewa, ina jawo baiti ya matso kusa da ɗan'uwansa, ina barin ɗan gurbi na bugu biyu kamar yadda Mubarak ya ce. Waƙar da ta kusa minti goma sha biyu ta dawo ƙasa da biyar. Jitar Bitrus, wadda ya daure ya kaɗa don Hali muka ɗauka a layi na dabam, Mubarak ya saurara na ɗan lokaci ya ce, “Wannan kamar injin niƙa, ba za ta shiga biki ba.” Na danna mata maɓallin kashewa. Bitrus ya naɗe wayar jitarsa ya ɗora lasifikar a bayan babur ya tafi.

Kafin la'asar na kunna wa Hali abin da na yi. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa a haɓa. Sannan ya ce, “Injiniya, to ina mutane za su miƙe?” Na ce masa mutanen birni ba duƙe suke ba. Mubarak ya yi dariya, Hali ma ya yi 'yar dariya don kada a ce bai waye ba.

Bayan wata biyu waƙar ta fito daga Kano. An ɗora mata fiyano da ganga, an bi muryar Hali da na'urar gyaran murya har kaushin ya kwanta. A ɗan gurbin nan da na bari kuwa an sa wata mawaƙiya mai siririyar murya. Hali zai ce, “Wa ad da ruwa yau?” ita kuma ta amsa nan take: “Ga ni nan, masoyina, ga ni nan.” Baitocin kanal da na ƙarshen layi duk an zubar, an bar biyu da ba sa taɓa kowa. Kuma ta karɓu, kada wani ya ce muku ba ta karɓu ba. Rediyo, biki, shagon aski, motar haya, ko'ina ita ce. Hali ya shiga mota daga Wurno zuwa Sakkwato ya ji muryarsa, ya kira ni yana murna kamar yaro. Sai dai babu mai kiran ta waƙar Hali, kowa “Ga Ni Nan” yake cewa.

'Yan kabu-kabun nan da suka mai da shi tuta kuwa, su suka fara juya masa baya. “Hali ya zama ɗan fiyano,” in ji su, “ya sai da mu.” Wanda ya fi kowa zafin baki a cikinsu, yana cikin zagin ne wayarsa ta yi ƙara, sai ga “ga ni nan, masoyina” daga aljihunsa. Ko kunya bai ji ba. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai, har yau in na tuna sai in ji ɗacinsa.

Da lokacin dashe ya zagayo, Mubarak ya bugo ya ce in je in ɗauko masa wani karin irin wancan. Na ji an kira Hali gayya a gonar wani dattijo, Baba Magaji, na ɗauki na'ura na tafi da sassafe. Mutane sun fi na bara yawa, don yanzu mai waƙar rediyo ne zai kaɗa. Suka jeru suka duƙa. Hali ya hau kunya shi kaɗai, don Bitrus bai sake kaɗawa da shi ba tun ranar. Ya ɗaura gurmi, ya buɗe murya: “Wa ad da ruwa yau?”

Bai ko rufe baki ba samarin layin suka maƙale murya irin ta mata: “Ga ni nan, masoyina, ga ni nan!” Gona ta kwashe da dariya. Hali ya yi murmushi, ya bari ta lafa, ya sake jefawa. Suka sake. Ba duka ne ke tsokana ba, na lura da kyau. Wasu bakinsu ne kawai ya saba, watanni suna jin ta haka, kafin su yi tunani ta fita. Tsofaffi uku ko huɗu suka dafa gwiwa za su miƙe su ba da amshin gaskiya, amma kafin bayansu ya miƙe an riga an amsa an wuce, suka tsaya rabi a duƙe ba su san ko su ƙarasa ba. Hali ya gwada wata waƙar dabam, aka ce a'a, ta rediyo ake so. Ya koma kanta, ya yi ƙoƙarin bin saurinsu, numfashinsa ya kasa. Layi ya karkace, wasu sun yi gaba, wasu na baya suna taka abin da aka dasa.

Baba Magaji yana da iri da zai bushe in rana ta ɗaga, ba shi da lokacin tausayi. Ya ce, “Hali, huta hakanan. Allah shi yi maka albarka.” Sannan ya juya ya ce wa samarin, “Wanda ad da abin nan mai ƙara shi kunna muku, ku yi man aiki.” Wani ya rataye sifika a kan babur. Muryar Hali ta tashi daga cikinta, sumul, da fiyano, da yarinyar, shi kuma yana tsaye bisa kunya da gurmi a wuya.

Na ga ya cire gurmin a hankali ya sa cikin buhunsa. Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki damin iri ya nufi ƙarshen layi. Da ya zo gifta ni ya tsaya, bai ɗaga murya ba, ya ce, “Injiniya, kac ce tana nan inda nib bar ta.” Ya shiga laka ya duƙa.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, in ma ana kiran wannan gyara. Na fito da ɗaukar farko ta gona, na bi masu cajin waya daga Wurno har Goronyo ina ba su kyauta. Bayan mako na koma jin labari. Ɗaya ya ce, “Injiniya, wagga ta lalace, tana tsayawa tsakiya, sai mutum shi aza waya ta mutu.” Wani ya ce masu saye na tambaya wane ne wannan da ke kwaikwayon waƙar rediyo bai iya ba. Mubarak kuwa da na gaya masa ban samo sabon kari ba, cewa ya yi kada in damu, dama an wuce wannan salon. Bai sake neman Hali ba. Malam Bitrus ya nemi canjin wurin aiki, ya tafi ba mu yi sallama ba. Ni kaɗai na ci ribar abin. Alhaji ya ɗaga ni zuwa babban mai haɗa sauti, mawaƙa suka riƙa zuwa daga Rabah da ƙauyukanta suna cewa in yi musu irin ta Hali, na kuwa yi musu.

Abin da na koya ke nan game da wannan sana'a da mutanenta, kuma ba mai daɗi ba ne. Masu cewa mawaƙi ya tsaya a kan gaskiyarsa ba sa tsaya masa, birni kuma ba ya riƙe kowa fiye da damina ɗaya. Amma waɗannan duka ba su da almakashi a hannu, mu ke da shi. Na yi shekara shida ina yanke shiru ban taɓa tambayar mai waƙa mene ne a cikinsa ba, don a kwamfuta duk shiru kamarsu ɗaya. Ku da ke zaune gaban na'urar nan yanzu, in kun ga layi ya miƙe, ku kira mai muryar ku tambaye shi kafin ku taɓa. In ya ce ku yanke, ku yanke, amma kada ku yi masa alkawarin cewa ba abin da zai rasa.

Bara na bi ta hanyar Shinaka lokacin dashe. Ba a kiran mawaƙi gayya yanzu, sifika ta wadatar. A wata gona na ji an sa tsohuwar waƙar nan ta rediyo, na rage gudu, na hango Hali cikin masu dashe, gemunsa ya yi fari. Na tsaya bakin hanya har ta ƙare. Tun daga farkonta har ƙarshe, ba wanda ya ɗago ya miƙe bayansa ko sau ɗaya.